Pathfinder 2007 na karkarwa in ta yi zafi: in saya ko in haƙura?

Baban Khairat: Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masana nake nema. An kawo mini tallan wata jif a nan Kano, Nissan Pathfinder 2007, inji V6, giya otomatik, mai ogzilare (akwatin da ke raba ƙarfi ga ƙafa huɗu). Shigowar Amurka ce, amma an jima ana hawanta a nan gida. Mita na nuna mil 160,000 da 'yan kai. Jiki tas, sanyi na aiki, inji ba hayaƙi. Gonata tana can wajen Tudun Wada, da damina ƙaramar mota ba ta shiga, shi ya sa nake neman mai ja da ƙafa huɗu.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Da safe da muka zaga unguwa da dillali, lafiya lau take canja giya. Da yamma na matsa aka ba ni ita na miƙa titin Zariya. Bayan mun fita daga cunkoso, in na kai gudu 60 zuwa 70 na riƙe totur a hankali, sai in ji tana karkarwa daga ƙasa. In na ƙara takawa sai ta daina. Da muka dawo zan yi ribas, sai da ta yi jim kafin ta kama, kuma da ɗan duka ta kama. Dillali ya ce man giya ne, a juye shi ke nan. Mai motar ya ce fulogi ne. Wa zan bi?

Sai Toyota: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka. Ka ƙara haƙuri ka tara ka sayi Prado ko 4Runner. Magana ta ƙare.

Baban Khairat: Kuɗin Prado guda ya saya mini wannan har da canjin da zan yi noman bana. Ba rashin sanin Prado ba ne, aljihu ne.

Oga Mai Giya: Alhaji, ajiye maganar mai da fulogi tukuna. Gobe ka yi sammako ka je wurin motar tun ba a tayar da ita ba. Ka ɗora hannu a inji ka ji da sanyi, sannan ka buɗe murfin lagireto, shi kansa, ba robar ruwa kaɗai ba. Ka juya murfin ka duba cikinsa. In ka ga abu mai kauri da maiƙo, fari-fari ja-ja kamar an dama kunun gyaɗa da manja, ka mayar da murfi ka yi musu sai an jima.

Wannan sanannen ciwo ne a Pathfinder da Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010, masu giya biyar ɗin nan da ake kira RE5R05A. Man giya yana bi ta wani bututu da ke cikin tankin ƙasa na lagireto don ya huce. Bututun yakan tsage daga ciki, ruwa ya shiga mai, mai ya shiga ruwa, ba kuma za ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Faifan kulocin da ke cikin giya, wanda muke ce wa faiba, manna shi aka yi a jikin ƙarfe, ruwa kuwa yana sakin gam ɗin. Sannan kwamfutar giya a wannan samfurin ba a cikin mota take ba. Tana can cikin kasko, a jikin balbodi (sashen da ke rarraba mai a cikin giya), cikin mai tsundum. Ruwa ya iso ta, tsatsa ta ci ta. Kuma abin da mai mota ke fara ji shi ne irin karkarwar da ka faɗa.

Ban ce shi ne ba. Na ce shi za ka fara cirewa daga lissafi, don dubawar ba ta cin ko sisi.

Injiniya Zazzau: Oga ya yi gaskiya, kuma ba zancen gareji ba ne kawai. A 2010 kamfanin ya tsawaita garantin lagireton waɗannan motoci a Amurka zuwa shekara 8 ko mil 80,000 saboda wannan matsala. Motar da Baban Khairat ke dubawa ta wuce wannan tuntuni, ko da a can take.

Kai kuma Sai Toyota, 4Runner na 1996 zuwa 2002 ma an san ta da irin wannan haɗuwar ruwa da mai in lagireto ya tsufa. Duk motar da man giyarta ke ratsa lagireto tana iya yi. Bambancin shi ne wata tana yi da wuri.

Sai Toyota: Na ji. Amma in giyar 4Runner ta mutu, ka shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da safe, kafin azahar ka samu. Je ka nemo ta Pathfinder mai ogzilare ka ga kwana nawa za ka yi.

Dillalin Zoo Road: Ku yi mana adalci mana. Mota ta kusa shekara ashirin a duniya. In da lagireton farko ne a jikinta da tuni ya yi abin da zai yi. Yawancinsu an canja tun a can. Kuma mai motar da ya ce fulogi ba lallai ƙarya yake ba, na sha ganin kwayil guda (mai ba fulogi wuta) ya sa mota karkarwa a daidai wannan gudun, a yi ta zagin giya ba ta ci ba ba ta sha ba. Kullum a zauren nan mai sayarwa ne ɓarawo.

Rewaya: Dillali yana da magana a nan. Kwayil mai rauni da konbata (abin da ke haɗa inji da giya ta hanyar mai) mai sulɓi, a kujerar direba kusan iri ɗaya ake jin su, don duka biyun suna fitowa ne lokacin da giya ta hau sama, inji na juyawa a hankali, kuma konbata ta kulle. Amma raba su ba wuya.

Alhaji, ka koma wannan titin bayan motar ta yi zafi sosai. In karkarwar ta fara, kar ka motsa ƙafar dama daga totur. Ka sa ƙafar hagu ka ɗan taɓa birki, taɓawar da za ta kunna fitilar baya kawai, ba ta tsayar da mota ba. Kwamfuta na ganin birki sai ta saki makullin konbata. In karkarwa ta ɗauke nan take, allurar inji ta ɗan ɗaga, to zargi ya koma kan konbata ko man da ke cikinta. Ka zaɓi wurin da ba mota a bayanka.

In kuma ka ɗaga ƙafa daga totur gaba ɗaya amma rawar tana nan a wannan gudun, ba ruwanta da taka ko saki, to ka leƙa taya da furofela (dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi daga giya zuwa ƙafafu). Kuros ɗin furofela in ya bushe haka yake yi, kuma shi ma yana ba da wannan dukan in an sa ribas.

Injiniya Zazzau: Ƙari kaɗan a kan na Rewaya. Gwajin birki shi kaɗai yana iya ruɗa mutum, domin in konbata ta saki, ita kanta tana shanye girgizar inji mai tsallake wuta, sai a ga kamar an kama ɓarawo. A haɗa da na'ura. In fulogi ne ko kwayil, za a ga lambobi daga P0300 zuwa P0306, ko a ga lissafin tsallaken silinda na hawa ana cikin tafiya.

Rewaya: Haka ne. Kuma ba kowace na'ura ba. 'Yar ƙaramar nan da ake haɗawa da waya, yawanci kwamfutar inji kawai take karantawa. A nemi wadda ke shiga kwamfutar giya da ta ogzilare, tana nuna zafin man giya ana tafiya.

Abin da na fi so ka duba ma ba lambar laifi ba ce. Duk motar Amurka daga 1996 tana da wasu gwaje-gwaje da take yi wa kanta in ana tuƙa ta. In an goge laifi da na'ura ko an cire kan batir, sai su koma ba a kammala ba, kuma sai an yi tafiya mai ɗan yawa kafin su cika. Motar da aka ce kullum ana hawa, ka same ta ba laifi ko ɗaya amma gwaje-gwajen nan duk a buɗe, to wani ya yi shara kafin ka zo. Haka nan in ka murɗa makulli kafin tayarwa, ka ƙirga fitilun dashbod. Ta inji dole ta kama sannan ta mutu. Wadda ba ta kama ba sam, an rufe mata baki ne.

Maman Sadiq: Ni dai maganar "a juye mai shi ke nan" ita ce ta tayar mini da hankali. Ina da wata jif da nake ɗaukar kaya da ita, lafiyarta ƙalau, wani yaro a gareji ya ce man giya ya yi baƙi, ya kawo jan mai na awo a galan ya zuba. Ba a rufa wata ba ta fara ihu a kan hanya, inji na rezin mota ba ta gaba. Tun daga nan na ɗauki karatu: tsohuwar giya ba a taɓa mata mai. Yayana ma haka ya ce, in ka same ta tana tafiya ka bar ta.

Oga Mai Giya: Hajiya, Allah ya mayar da alheri, amma karatun da kika ɗauka rabi ne. Abu biyu ne ke faruwa. Na farko, jan mai ba duka ɗaya ba ne. Launi ne kawai ake sa masa. Kowace giya da irin santsin da faibarta ke so. Wannan Pathfinder da man Matic J ta fito, daga baya kamfani ya maye shi da Matic S. Pajero na shan SP-III, Toyota na baya-bayan nan WS. Wanda ya zuba miki na galan bai san ko wanne ne a ciki ba, shi ma mai sayarwar bai sani ba.

Na biyu, mutanenmu ba sa tuna man giya sai ta fara ciwo. Faiba ta riga ta cinye, garinta ne ke yawo a cikin tsohon mai yana ɗan riƙe ta. An zuba sabo, ta saki gaba ɗaya, sai a ce mai ne ya kashe ta. Da ma a bakin kabari take.

Giya mai lafiya ana canja mata mai, a kwance ƙusar ƙasa a tsiyaye a mayar da daidai abin da ya fita. Wannan tana cin lita goma da ɗan ɗori, amma tsiyaya ɗaya wajen lita huɗu take fitarwa, sauran na cikin konbata. Shi ya sa ake yi sau biyu ko uku da tazara. Abin da ban yarda da shi ba a tsohuwar mota shi ne a sa inji a tura mata mai da ƙarfi.

Maman Sadiq: To Oga, in haka ne dillalin Alhaji bai yi ƙarya ba ke nan, mai zai iya gyara ta?

Oga Mai Giya: Karkarwar konbata kaɗai, in an kama ta da wuri, sabon mai na gaskiya yakan kwantar da ita. Na gani da idona. Amma jinkirin ribas bayan mota ta yi zafi, wannan ne ba ya mini daɗi. Mai in ya yi zafi yana tsinkewa, robobin ciki in sun gaji sai ƙarfinsa ya riƙa zurarewa, kuloci ya daɗe bai matse ba. Lafiyayyar giya daga N zuwa R ko D, kafin ka ce ɗaya, biyu, ta kama. Ƙarancin mai ma na kawo haka, shi ya sa sai an auna. In kuwa dillali ya tabbata mai ne, ai da sauƙi: su juye da kuɗinsu, a dawo a sake gwadawa da zafi. Me ya sa sai bayan an biya?

Dillalin Zoo Road: Don in mun juye kafin ku zo, ku ne za ku ce sabon mai alamar ɓoye laifi ce. Ta ina za mu ɓulle muku?

Injiniya Zazzau: Ta faɗin gaskiya. Ka ce an juye ranar kaza saboda kaza, ga robar man da aka zuba.

Malamin Islamiyya: A fiƙihu ma haka abin yake. Mai sayarwa wajibi ne ya bayyana aibin da ya sani, kuma in mai saye ya gano tsohon aibi da aka ɓoye masa, yana da zaɓin mayarwa. Sai dai a zamanin nan karɓo kuɗi bayan sun shiga hannu aiki ne. Ku rubuta sharaɗi a takardar ciniki da shaidu.

Ɗan Damagaram: Sannunku mutanen Najeriya da son otomatik. Mu nan motar daji, Hilux ko Land Cruiser, giyar hannu muke nema. Batir ya mutu a bayan Tanut, mutum uku su tura ta tashi. Otomatik fa? Ko turawa ba a yi, kuma in ka ɗaura mata igiya ka ja ta tafiya mai nisa, inji a kashe, famfon mai ba ya juyawa, ka ƙone abin da ya rage. Alhaji gona za shi, ba biki ba. Ya nemi ta hannu ya huta.

Injiniya Zazzau: Maganarka ta jan mota daidai ce, mai ogzilare otomatik a ɗora ta bisa janwe, ƙafa huɗu a sama. Amma a yashi da laka otomatik tana da nata amfanin, ba ta yanke ƙarfi lokacin canja giya, kuma ba kulocin da direba zai ƙona. Abokin gabanta zafi ne. Wanda ya shiga yashi mai zurfi a 4H (ƙafa huɗu na gudu) yana ta taka totur, konbata ce ke ta sulɓi tana dafa mai. Ya sa 4LO (ƙafa huɗu na ƙarfi a hankali), aikin ya koma kan haƙoran ogzilare.

Ɗan Damagaram: Direban da ya iya ba ya ƙona kuloci, Injiniya. Amma na ji.

Baban Khairat: Ta hannu a irin wannan jif ɗin ba ta cika samuwa a nan ba, ɗan'uwa, kuma uwargida ma za ta riƙa ja. Tunda an zo maganar ogzilare, yaya zan gwada shi? Dillali ya murɗa maɓallin a kan kwalta, fitila ta kama, ya ce ka gani.

Oga Mai Giya: Fitila ba ita ke jan mota ba. Ku sauka daga kwalta ku samu fili mai ƙasa ko burji. Ka sa 4H ka ɗan yi tafiya, wani ya tsaya a gefe, ka taka da ɗan ƙarfi ya ga ko ƙafar gaba na tono. Sannan ka tsaya cak, ƙafa a birki, giya a N, ka danna maɓallin ka murɗa zuwa 4LO. Fitilar ta daina ƙiftawa ta tsaya. In ya shiga za ka sani, mota za ta riƙa rarrafe da ƙarfi, inji na sama. Ka mayar, ka ga ya fita ba gardama.

Kar ka yarda a yi ta kwana da 4H ko 4LO a busasshiyar kwalta. Gaba da baya a kulle suke, sitiyari zai yi tauri, taya na tsalle, wanda bai sani ba sai ya ce giya ce. Wasu samfurin suna da AUTO a maɓallin, wannan shi ne ake iya hawa kwalta da shi. Kuma akwai wata fitila ATP. In ta kama, ogzilare ya tsaya a tsakani, ko ka sa P mota za ta iya gangarawa. Ja birkin hannu kafin ka fita.

Ogzilare da nasa man daban, Matic D, kuma ba mai tunawa da shi. Ka sa a kwance ƙusar a gani.

Rewaya: Ka kuma ɗauki lambar jikin motar, mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba, a bincika tarihinta a intanet. Motocin da ambaliya ta ci a Amurka da yawa gwanjo ake yi da su su ƙetaro. A nan gida ma, bayan ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 motoci nawa ne suka kwana cikin ruwa? Giya tana da 'yar ƙofar shan iska a sama, ruwa ya haura ta ya shiga, ba sai lagireto ya fashe ba. Ɗaga kafet, leƙa ƙarfen ƙarƙashin kujera. In akwai ƙugiyar jan tirela a baya, ka san ta yi dako a can, don an yarje mata jan kusan kilo 2,700.

Baban Khairat: Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Na je da sassafe da wani mai na'ura da makanikena. Ga abin da muka gani.

Murfin lagireto tas, ruwa kore, robar ruwa ma ba maiƙo. Amma lagireton ba na asali ba ne. Da makanike ya kwanta ƙasa sai ya ga bakuna biyun da tiyon man giya ke shiga an toshe su, an zagaye lagireton gaba ɗaya, mai na bi ta wata 'yar ƙaramar kula (mai sanyaya man giya) da ke gaba kawai. Ita kuma kular ta cushe da busasshiyar laka da ƙaiƙayi, rabin haƙarƙarinta a lanƙwashe.

Sandar awon mai da ƙusa aka ɗaure ta, sai da aka kwance. Mai ja wur, sabo fil, bai gaza ba. Amma da na shinshina akwai ƙauri, da muka ɗiga a farar takarda kuma sai ga ɗigo-ɗigon toka-toka a tsakiya. Mai motar ya ce bai san an juye ba, wai ƙaninsa ne ke kula da ita.

Na'ura da farko ba laifi ko ɗaya, amma gwaje-gwajen da Rewaya ya faɗa duk ba su cika ba. Muka yi tafiya har Kwanar Ɗangora muka juyo. Karkarwa ta dawo, na taɓa birki ta ɗauke. Inji ba ya tsallake wuta. Kafin mu iso gida kwamfutar giya ta fitar da P0744. Ogzilare ya shiga 4H, 4LO kuma sai da aka yi ta fama. Tayoyin gaba 265/65R17, na baya 265/70R17.

Rewaya: To fulogi ya fita. P0744 a Nissan makullin konbata ne ba ya riƙewa yadda aka umarce shi. Kuma an goge shi kafin ka zo, shi ya sa sai da ta yi zafi ya dawo.

Injiniya Zazzau: Tayoyin nan ma ba ƙaramin abu ba ne. Bambancin tsayinsu ya haura santimita biyu da rabi, sama da kashi 3 cikin 100. In an kulle gaba da baya, kowane juyi suna jan juna, sarƙar ogzilare ce ke sha. Wataƙila shi ya sa yake gardamar shiga da fita. Taya huɗu sababbi su shiga lissafi.

Zagaye lagireto kuwa, ni a wurina ba laifi ba ne. Masu irin motar da yawa suna yi da gangan don rigakafi. Mai yiwuwa wani mai hankali ne ya yi tun ruwa bai shiga ba, daga baya aka bar kula ta toshe, zafin Kano da cunkoso suka dafa man. In haka ne, konbata da wankin balbodi da sabuwar kula babba na iya tayar da ita.

Oga Mai Giya: Injiniya, a takarda haka ne. A gareji kuwa, ban cika ganin mutumin nan namu ya canja lagireto yana lafiya ba. Sabon lagireto, an kuma zagaye shi, ga sabon mai a kan ƙauri: ni abin da nake karantawa shi ne an taɓa yin gobara an share toka. Ko da ma zafi ne kawai, garin da Alhaji ya gani a takarda faiba ce, kuma ba konbata ce ke jinkirta ribas ba.

Hanya ɗaya ce ta raba mu. A sauke kaskon ƙasa. In maganaɗisun ciki laushin baƙin gari kawai ya tara, wannan tsufa ne. In akwai ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli, ko ɓawon faiba, ko tsatsa a kan ƙusoshin balbodi, an gama magana. Tsatsa ba ta fitowa a wurin da mai kaɗai ya taɓa zama. Aikin awa ɗaya ne, Alhaji ya biya gaskit da mai.

Dillalin Zoo Road: Ba mai motar da zai bari a kwance masa giya kafin ciniki. In kun buɗe kun fasa fa? Ya koma da mota an taɓa.

Oga Mai Giya: Kasko na ce, ba giya ba. Amma na yarda haƙƙinsa ne ya ƙi. Shi ma Alhaji haƙƙinsa ne ya saye ta a matsayin motar da ba ta da giya.

Maman Sadiq: Wato ya cire kuɗin wata giyar daga farashi?

Oga Mai Giya: Giya da konbatarta, kula, mai, taya huɗu, kuɗin aiki, da ɗan abin da za a gani in an buɗe. Kuma Alhaji, ka je ka ji farashin da bakinka kafin ka yi tayi, a Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna, ko ka sa a tambayo maka kasuwar Ladipo ta Legas. Ka ce ta mai ogzilare kake nema, don wutsiyarta daban da ta mai ja da baya kawai. Kwamfutar cikinta ma tana bambanta daga shekara zuwa shekara da kuma mota zuwa mota, a gwada lambar jikin giya da giya, kar a ce maka duk ɗaya ne. Giyar kwance ɗin nan kuma daga irin waɗannan motocin aka ciro ta, ita ma a sauke kaskonta a gaban mai shago kafin a biya. A rubuta kwanakin gwaji. Tsohuwar kula da tiyo kar a mayar da su ba wanki, dattin tsohuwar giya na ciki, shi zai kashe sabuwar.

Sai Toyota: Duk wannan wahalar a kan mota ɗaya. Ni dai na faɗa tun farko.

Injiniya Zazzau: Prado mai giya biyar ko sandar awon mai ba ta da ita, sai an shiga ƙasa an kwance ƙusa a daidai zafin da aka ƙayyade. Wannan gwajin na farar takarda da ya ceci Alhaji, a can ba zai yiwu a tsaye a bakin titi ba.

Baban Khairat: Na yi yadda Oga ya ce. Mai motar ya ƙi a taɓa kasko. Na yi lissafi na taya da ragin gyara, ya ce albarka, wai akwai wanda zai zo daga Katsina da kuɗi a hannu. Na ce Allah ya sa alheri. Makanikena ya ga kamar na yi sakaci, shi a ganinsa konbata ce kawai, kuma jikin motar ba a samun irinsa. Wataƙila shi da Injiniya ne da gaskiya, amma damina ta kusa, ba ni da lokacin da mota za ta yi wata a gareji ana jiran kaya.

Yanzu wani ya kira ni akwai wata 2011 a Kaduna, ita ma mai ogzilare. Oga Mai Giya, ranar Asabar kana nan?

Oga Mai Giya: Ina nan har la'asar in sha Allahu. 2011 ta fita daga shekarun da aka fi kuka da su, amma duk da haka murfin lagireto za mu fara buɗewa. Ka ce musu kar kowa ya tayar da ita kafin mu iso, kuma ka zo da kuɗin man da zai kai mu Jaji mu dawo.